Benen da Malam Sabo Ya Gina wa Amarya

Malam Sabo dillalin fata, Allah ya jiƙansa, maƙwabcina ne a Dukawuya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nawa, kuma dakali ɗaya muka zauna a kai tun muna da baƙin gashi har haƙora suka fara sallamarmu. Ni ɗinkin hula nake yi, in ka cire Makka ban taɓa wuce Kaduna ba. Shi kuwa ya ratsa ƙasashen Turai a jirgin ƙasa, gari bayan gari, har 'yan unguwa suka laƙaba masa Sabo Turai. Yaran yanzu in sun ji sunan sai su ɗauka yawon buɗe ido ya je. Ba shi ya kai shi ba. Wata magana ce ya taɓa faɗa a kan ɗansa, ya tafi don ya janye ta.

Kakanninsa Fulani ne, da shanu suka shigo ƙasar Kano. Shanun sun ƙare tun kafin a haife shi, abin da ya rage wa gidan sai sanin fata da kunya. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu kauri. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya cin abinci da shi, ba ya kallon tsabar idonsa. Da aka yaye Muttaka, ɗan farin Malam Sabo, sai aka kai shi Kabara gidan wan uban, Malam Lawal, wanda yara suke kira Bappa. A can ya tashi. In Malam Sabo zai ambace shi sai ya ce "yaron Lawal". In yana da faɗa ko yabo ko rigar Sallah, ta hannun Lawal za su bi. Ba ƙi ba ne. Na sha ganinsa ya bar cinikin fata ya laɓe a bayan rumfa don kawai ya ga wucewar yaron daga makaranta.

Muttaka ya yi ƙwazo a boko. Gab da sojoji za su miƙa mulki karo na farko, gwamnati ta ɗebi samari ta tura su ƙasashen waje koyon sana'a, shi aka kai shi Italiya ya koyo jima ta zamani. Ya gama, wani kamfanin jima ya riƙe shi aiki. Ana nan sai wani ɗan kasuwa mai kai fatu can ya dawo da labari: Muttaka ya auri 'yar ƙasar, ba tare da ya aiko an nema masa izini ba.

Ina zaune a kan dakalin ranar da Malam Sabo ya sa aka kira Lawal. Bai ɗaga murya ba, shi dama ba ya ɗagawa. Ya ce, "Ka gaya wa yaronka, tunda ya zaɓi can, ya zauna can. Kada ya tako min zaure."

Lawal mutum ne mai riƙon saƙo. Yadda aka ba shi haka ya aika, bai rage ba, bai sa mata zuma ba. To, magana zarar bunu ce. Ni na san tun kafin wata ya mutu Malam Sabo ya fara cizon yatsa, amma yana jiran yaro ya aiko da ban haƙuri ta wajen Lawal, shi kuma ya ce ya wuce. Yaro kuwa ya ɗauki maganar uba da nauyinta. Yana aiko da gaisuwa, yana aiko wa mahaifiyarsa Hajo maganin ƙafa da rigar sanyi, amma bai tako ba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Farar hula suka faɗi, sojoji suka dawo suka daɗe, cikin wannan zamanin Allah ya yi wa Lawal rasuwa. Bakin da ke tsakanin uba da ɗa ya rufe ke nan. Hajo ba za ta iya ba, don kunyar uwa ga ɗan fari ta ma fi ta uba. Ƙanne kuwa ba a ɗora musu irin wannan kaya su kai wa wansu.

Na taɓa ce masa, "Malam, in ka yarda ni sai in sa a aika masa." Ya girgiza kai ya ce, "Malam Ado, bakin da ya ɗaure shi ne zai kwance."

Bayan rasuwar Lawal ne ya fara ginin bene a kan zaurensa. A hankali ya yi shi, in fata ta yi kasuwa a ɗora bulo, in ta faɗi a dakata. Ciki da falo ne, da banɗaki irin na zamani, da taga mai kallon Goron Dutse. Kowa ya tambaye shi na wane ne, sai ya ce na baƙi. Da aka gama ya kulle, ya rataye mukullin a ƙusa a cikin zaure. Ba baƙon da ya taɓa kwana a ciki.

Shekarar da sojoji suka sake komawa bariki, ƙasashen waje suka fara sakin fuska da mu, biza ta yi sauƙi. Sai ga saƙo daga Muttaka ta hannun wani mai kai fatu: yana roƙon iyayensa su zo su ga inda yake. Hajo ta ce ƙafarta ba za ta kai ta ba. Malam Sabo kuwa, washegari na gan shi ya je an ɗauke shi hoton fasfo. Ranar da zai tafi, da farkon damina, na raka shi bakin titi. Na ce, "To, Allah ya sa a kwance." Ya ce, "Abin da zai kai ni ke nan."

Abin da zan faɗa daga nan, daga bakinsa na ji shi, ba a zama ɗaya ba. Malam Sabo ba ya ba da labari a jere. Yau ya ba ka gari ɗaya, sai bayan mako ya ƙaro wani.

Ya sauka a birnin Milano. Kilishin da Hajo ta ƙulla masa a filin jirgi aka karɓe, goro kawai aka bar masa. Yana fitowa sai ga wani mutum mai furfura a gemu ya zube a gabansa, a kan daɓen nan mai santsi, Turawa suna ratsewa suna kallo. Ya ce mini, "Malam Ado, yaro na tura, dattijo na tarar." Na ce, "Me ka ce masa?" Ya ce, "Me zan ce? Na dubi gefe na ce, an same ku lafiya?"

Matar kuwa, ya ce ya je da shirin ƙinta, bai sami inda zai kama ba. Ta saya masa buta da darduma tun kafin ya iso, ta rufe kanta, ta kawo masa abinci da hannu biyu. Sai 'yarsu guda ɗaya, Aminat, budurwa tana gab da gama sakandare. Ya ce da ta shigo ɗakin sai ya ga Hajo ce sak ranar da aka kawo ta, sai dai an wanke ta da madara.

To ka san tsakanin kaka da jika ba kunya, sai wasa. Nan take ya ce, "A'a! Ashe amarya aka ɓoye min a nan shekara da shekaru!" Yarinyar ba ta jin Hausa, shi ba ya jin yaren Italiya. Dole uban ya zama tafinta. Ya juya mata maganar, ta ƙyalƙyale da dariya ta ba da amsa. Muttaka ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wai ta ce angon ya tsufa da yawa, a canzo mata wani."

"Gaya mata tsohon zuma da shi ake magani."

Akwai abin da Malam Sabo ya lura da shi tun kwanakin farko, wanda ya yi masa daɗi ƙwarai. Muttaka ba ya kiran sunan Aminat a gabansa. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Ita ce 'yar farinsa, yana kunyarta a gaban uba. Malam Sabo ya ce a ransa, ashe yaron bai ɓata ba, kunnensa na gida yana nan. Wanda ya riƙe wannan, in aka yi masa hannunka mai sanda zai gane. A kan wannan tunanin ya gina duk abin da ya biyo baya.

Muttaka ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya yanko musu wani irin tikiti da ake hawa jirgin ƙasa da shi daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya ce zai zaga da Malam ya ga garuruwa, su ƙare a Andalus, don ya tuna tun yana yaro Malam yana son jin labarin ƙasar a wurin tafsiri. Matar tana aiki ba ta bi su ba. Su uku suka tafi.

Jirgin ƙasan Turai ya ba Malam Sabo mamaki, amma bai burge shi duka ba. Shi da ya saba da jirgin Ikko da na Nguru, inda ake tsayawa a tasha mai fura ta miƙo ƙwarya ta taga, mai rake yana bin tarago da gudu. Ya ce na can ba ya jiran kowa, ba ya kuka, taga ba ta buɗuwa, ba mai talla ko ɗaya. Ya shiga tarago ya yi sallama ya bi mutane da gaisuwa, kowa ya ɗago daga jarida yana dubansa kamar ya zo bara. Sallah kuwa ƙasaru ya riƙa yi a zaune, don kafin ka gane alƙibla jirgi ya juya ta. Wajen zama, shi da Aminat suke kujera ɗaya, ita a bakin taga. Muttaka yana kujerar da ke fuskantarsu, amma ya karkace don kada gwiwarsa ta yi daidai da ta uba.

Garin farko shi ne Benis. Ya ce jirgi ya hau wata doguwar gada, ruwa dama ruwa hagu, ya sauke su a garin da ba mota ba keke. "Malam Ado, gari ne ambaliya ta ci, mutanen suka yi taurin kai suka ƙi tashi. Lungunansu kamar na Soron Ɗinki, sai dai in ka fito ƙofar gida ba ka duba ba, sai a tsamo ka." Suka shiga kwale-kwale, ya ƙanƙame hannun Aminat tana yi masa dariya. A nan ya fara jefa maganarsa.

Ya ce, "A gaya wa amarya, ni gidana a kan tudu yake. Na gina mata bene a Dukawuya, ciki da falo. Ta tattaro kayanta ta tare."

Muttaka ya fassara. Ta yi tambaya. Ya ce, "Malam, wai akwai wutar lantarki?"

"Takan zo gaishe mu."

"Wai in babu firiji ba za ta zo ba."

"Akwai randa. Ruwanta ya fi na firiji tarbiyya."

Suka yi dariya su biyu, uban yana murmushi yana kallon ruwa.

Daga nan suka yi arewa, jirgi ya shiga cikin duwatsu. Ya ce sai a kutsa cikin rami a yi ta tafiya a duhu, a fito a ga ƙanƙara a kan tsauni alhali ana zafi a ƙasa. Ya ga shanu a kan gangare da ƙararrawa a wuya, jinin kakanninsa ya motsa, ya manna fuska a gilashi. Shanu ba tozo, ba ƙahon kirki, ba makiyayi a bayansu, amma hantsa kamar tulu. Ya ce da Aminat, ta bakin uban, "Kin ga waɗancan? Duk inda suka kai da kiwo, in rana ta yi sanyi gida suke nufa. Ba sai an bi su da sanda ba." Muttaka ya juya mata. Ta ce wai ita ba saniya ba ce. Aka sake dariya.

A Faris, babban birnin Faransa, suka fi daɗewa. Ya hau wani dogon ƙarfe da ake ganin gari duka daga samansa, ya ce bai ga amfaninsa ba tunda ba ladan a kai. Ya shiga kantin jakunkuna da takalma, ya shafa wata jaka ya shinshina, ya rantse fatar jar akuyarmu ce, ƙila ma ta hannunsa ta bi. Rana kuma ta ƙi faɗuwa, ya yi ta jiran magariba har barci ya fara ɗaukarsa. A wata unguwa ya haɗu da wani mutumin Damagaram mai sayar da hula da carbi, suka tsaya suka yi Hausa kamar za su cinye juna. Da suka rabu ya ɓare goro ya ba Aminat ɓari, ta tauna ta yamutsa fuska ta tofar.

"An karɓi goro, aure ya ɗauru," in ji shi. "A gaya mata, in za ta tare kada ta zo ita kaɗai. Ta taho da masu riƙe mata jaka, su biyun da suka haife ta. Benen zai ɗauke su. Zauren ma a buɗe yake, ba mai hana su takawa."

Ya ce mini da ya faɗi wannan sai da ya saci kallon Muttaka. Ya ga ya ɗago ya dube shi, ya yi saurin kau da kai, sannan ya fassara. Malam Sabo ya ce a ransa, ta shiga.

Suka gangara kudu, tafiya mai tsawo, aka canza jirgi aka sake canzawa, ƙasa ta fara bushewa tana kama da tamu. Suka isa Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus. Nan ne garin da Malam Sabo ya fi yawan ba da labarinsa, kuma in yana bayarwa muryarsa takan sauka. Ya ce akwai masallaci na mutanen da, ginshiƙai a cikinsa kamar ka shiga gonar dabino, ba ka ganin ƙarshensu. Amma yanzu coci ne, ba a barin kowa ya yi sallah a ciki. Ya zaga, ya shafa bango, ya fito ya zauna a farfajiya ƙarƙashin itatuwan lemo. Aminat ta zauna kusa da shi, uban yana tsaye a ɗan nesa.

Wannan karon ba dariya a bakinsa. Ya ce, "A gaya wa amarya, haka gida yake. In masu shi suka tafi suka daɗe, wasu ne ke shiga. Ni kuma na tsufa, ba kullum zan riƙa share mata bene ba."

Muttaka ya fassara a hankali. Yarinyar ta dubi kakan, ta dubi uban, ba ta mayar da wasa ba. Ta kama hannun tsohon ta riƙe.

A Ƙurɗuba ta rabu da su. Wata ƙawarta ce a can kusa, an shirya za ta yi mata kwanaki. Saura tafiya ɗaya, zuwa birnin Madarid inda Malam Sabo zai hau jirgin sama. Daga shi sai ɗansa a tarago, ba amarya, ba wanda za a fake da shi.

Na tambaye shi wannan tafiyar ya fi a ƙirga, don ita ce ba ya son bayarwa. Ya ce sun zauna, kujera tana fuskantar kujera. Ya ce maganar tana nan a bakinsa, ya shirya ta tun daga Kano, gajeriya ce: na janye, ka dawo gida. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Waɗannan itatuwan fa?"

"Zaitun ne, Malam."

"Duk wannan?"

"Duk, Malam."

Jirgi yana gudu. Ya sake tattaro ƙarfinsa, ya gyara zama, sai ga garken awaki a gefen dogo.

"Fatar waɗannan ba ta kai tamu ba."

"Ba ta kai ba, Malam. Tamu ta fi laushi."

"Ƙwarai."

Ya ce yana jin yaron ya ce "tamu" sai hankalinsa ya kwanta. Ya ce wa kansa, to me ya rage? An faɗa a Benis, an faɗa a Faris, an faɗa a farfajiyar masallaci. In ya sake faɗa ƙiri-ƙiri, ido cikin ido, ai ya tozarta kansa ya tozarta yaron. Ya jingina ya ja carbi har suka shiga tasha.

A filin jirgi Muttaka ya sake durƙusawa. Ya daɗe a durƙushe, bai tashi ba. Malam Sabo ya dubi gefe ya ce, "Allah ya yi albarka. A gaida amarya, a ce mata bene yana nan."

Da ya dawo, bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu, muka zauna a kan dakali. Na ce, "An kwance?"

"An kwance."

"Da bakinka ka faɗa masa?"

"Da bakin wa zan faɗa? Shi ne ma ya fassara. Magana ta shiga ta kunnensa ta fito ta bakinsa, Malam Ado. Ina kuma saura?"

Na ga hujjarsa ta yi ƙarfi, na ce alhamdulillahi.

Daga nan jira ya fara. Kowace Sallah sai ya sa a yi wa benen farar ƙasa. Hajo takan sa jikoki su hau su share su kaɗe tabarmi. In mota ta tsaya a bakin lungu, Malam Sabo ba ya waiwayawa, amma carbinsa yakan tsaya. Da wayar hannu ta shigo, Muttaka yakan kira ranar Juma'a. Ina ji, don a gabana ake yi. "Lafiya lau. Madalla. Ina amarya? Har yanzu tana ja min aji?" Sai ya miƙa wa ƙannen. Bai taɓa tambaya yaushe za a zo ba. Ya ce yaro yana da aiki, tattara shekaru irin waɗannan ba a rana ɗaya ake yi ba. Wata shekarar ya ce ƙila sai yarinya ta gama jami'a. Daga baya ya daina kawo dalili, farar ƙasar dai bai daina ba.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Da hantsi ya cika, kafin la'asar mun kai shi. Muttaka ya iso ana gobe sadakar uku. Na gan shi ya sauka daga tasi a bakin lungu, ya tako har ƙofar gidan, ya tsaya. Bai shiga zauren ba. Ya cire takalmi ya zauna a tabarmar waje cikin masu karɓar gaisuwa. Ƙannensa suna ta cewa Yaya ka shigo, yana cewa nan ma ya isa.

Da mutane suka tashi sallar la'asar suka watse, na matsa kusa da shi. Na ce, "Muttaka, me ya hana ka shiga gidanku?"

Hausarsa ta ɗan yi nauyi, amma tana nan. Ya ce, "Baba Ado, ai ka san maganar da Malam ya yi. Bai janye ba har ya rasu. Ba zan taka bayan ransa abin da ya hana ni da ransa ba."

Na dubi saman zauren. Sannan na ce, "Ɗaga kanka." Ya ɗaga. Na ce, "Wancan mene ne?"

"Bene."

"Na wa?"

Ya dubi tagar, ya dubi farar ƙasar da ba ta daɗe da bushewa ba. Ya ce, "Da gaske akwai benen? Ni na ɗauka wasan kaka da jika ne."

Na gaya masa yadda aka gina shi, da shekarun da mukulli ya yi a ƙusa. Na mayar masa da maganganun Benis da Faris da Ƙurɗuba, yadda uban ya ba ni su. Ya rufe fuska da hannu. Sannan ya ce, "A Faris na yi zaton da ni yake. Wallahi na yi zato. Amma na ce in na ɗauka da ni ake, alhali wasa ne, na zo na tsaya a ƙofar nan ya juya min baya fa? Tikitin nan ba don garuruwa na yanke shi ba, Baba. Na ce in muka daɗe a jirgi, wuri ɗaya, ba inda za shi, zai faɗa. Yarinyar ma ni na shirya ta tsaya a Ƙurɗuba don mu rage mu biyu. Ya tambaye ni zaitun."

Na ce, "Kai me ya hana ka tambaya?"

Ya ce, "Ɗa yana tambayar uba ko ya janye maganarsa?"

Na tashi na shiga zauren, na ciro mukullin daga ƙusa, na dawo na tsaya daga ciki. Na ce, "Ni shaida ne ya janye. Tako." Ya tashi, ya tsaya a bakin ƙofar kamar mai shirin shiga ruwan sanyi, sannan ya sa ƙafar dama.

A benen ya kwana har aka yi sadakar bakwai. Ana gobe zai koma ya same ni a kan dakali ina ɗinki. Ya zauna a inda uban yake zama, sai kuma ya tuna ya matsa gefe. Ya ce, "Baba Ado, in tambaye ka. Ka taɓa ji ya kira sunana?"

Na so in ce masa e. Amma na ce, "Ban taɓa ji ba. Yaron Lawal yake cewa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Bappa ya rasu shekara nawa, amma har yanzu yaron Lawal."

Ya koma. Aikinsa yana can, matarsa tana can ba ta da cikakkiyar lafiya, shekarunsa ma sun tafi. Ya zo sau ɗaya bayan nan, lokacin rasuwar Hajo. Aminat kuwa na ji ta yi aure har da 'ya'ya, ba ta taɓa ganin Kano ba. Ƙannen ba su sa kowa a benen ba, sun ce na Yaya ne. Sai dai ba mai yi masa farar ƙasa yanzu, damina ta zana bangon. Mukullin yana nan a ƙusarsa, in na leƙa zauren neman inuwa nakan gan shi.